Taron Bitar Ma'aikata da Hutun Ma'aurata a Kudancin Kano

Taron bita na ma'aikata, wanda 'yan ofis ke kira ritirit, zama ne da kamfani ko ma'aikata ke shiryawa a wajen gari domin a duba aikin da ya wuce, a tsara na gaba, ba tare da baƙi da waya da takardun yau da kullum sun raba hankalin mutane ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati duk suna yin sa, galibi a ƙarshen shekara ko farkonta, lokacin da ake ƙulla kasafin kuɗi. Kwana biyu ne ko uku. A Arewa akan kama hanya bayan an sauko daga Juma'a, a yini Asabar ana zama, a juyo gida ranar Lahadi. Wasu wuraren aikin kan ƙara da cewa kowa yana iya zuwa da iyalinsa. Daga nan tafiyar ta zama abu biyu a haɗe, aiki ga ma'aikaci, hutu ga shi da matarsa, kuma yawancin matsalolin da ake samu daga rashin raba waɗannan biyun suke tasowa.

Hutun ƙarshen mako kansa baƙo ne a ƙasar Hausa. Manomi da ɗan kasuwa ranar Juma'a da ranar kasuwa suka sani, makarantar allo kuma Alhamis da Juma'a take hutawa. Asabar da Lahadi sun zo ne da aikin albashi na Turawa, su ma can ba su daɗe da shi ba, domin sai a 1926 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya mayar da aikin masana'antarsa kwana biyar a mako. A Najeriya dokar ƙwadago ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun shekara na aƙalla kwana shida da albashinsa, gwamnati da manyan kamfanoni kuma suna ba da fiye da haka. Sai dai biki da suna da ta'aziyya da zuwa ƙauye gaida iyaye su ke cinye hutun. Magidanci da matarsa sai su yi shekara goma ba su kwana a wani wuri su biyu kaɗai ba, in ba jinya ta kai su asibiti ba. Wannan ne ya sa gayyatar iyali zuwa taron bita take da daraja fiye da yadda masu rubuta takardar ke zato.

Ga mutanen Kano, yankin da aka tanada domin irin wannan fita tun shekarun 1970 shi ne kudancin jihar, ƙasar duwatsu da ruwa da ta haɗa Bebeji da Rano da Kibiya da Tudun Wada. A zamanin Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6, tafkin ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178, yana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2 idan ya cika. Noman rani aka nufa da shi, kuma shi ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma gwamnatin wancan lokaci ta kuma yi tunanin masu zuwa shan iska. Gidan Zu na cikin birni da otal ɗin bakin tafkin Bagauda da otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse a Tiga duk daga wannan tunani suka fito. Shekaru da dama Bagauda ce matattarar tarurrukan gwamnati da na kamfanoni, kuma can ne manyan ma'aikata ke kai iyalansu hutu. Madatsar Bagauda ta fashe a daminar 1988 ta yi ɓarna mai yawa, daga baya kuma aka mayar da ginin otal ɗin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ya ga zamanin tashe, ya ga na ja baya.

Daga Durba, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kibiya, mai zuwa Tiga yakan bi ta Kibiya da Rano ya ratsa Rurum mai duwatsu. Mai fitowa daga birni kuma yana da zaɓi, ko ya bi titin Zariya, ko ya karkata a Karfi ya bi ta Bunkure zuwa Rano, garin da ke cikin Hausa Bakwai, wanda masarautarsa a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Tafiya ce gajera, abin da ya dace da taron kwana biyu, domin hanyar da za ta cinye yini guda a zuwa da yini guda a dawowa ba ta bar wa ma'aurata komai ba sai gajiya.

Tambayar da ke fara tasowa a gida ita ce wa za ta bi shi. Takardar gayyata kan ce ma'aikaci da matarsa, domin an ɗauko tsarin ne daga ƙasashen da mace ɗaya ake aura, alhali a ofis guda a Kano za a sami mai biyu da mai uku. Shari'a ta daɗe da yin magana a kan wannan. Ya tabbata a Buhari da Muslim daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, wadda ta faɗo kanta ita ce abokiyar tafiyar. Malaman Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki ƙuri'ar a matsayin dole, sai in sauran matan sun yarda. A Malikiyya, yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, miji yana da zaɓi a tafiye-tafiye, ban da ta Hajji da ta yaƙi, inda ake ƙuri'a. Halaccin zaɓi dai bai hana ɓacin rai ba. Shi ya sa gidaje da yawa suka gwammace ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin gayyata ta zo: ko mai girkin ranar ta bi, ko a yi karɓa-karɓa, bana uwargida, baɗi amarya. Mijin da kullum amarya ce a motarsa, da hujjar ita ce ta iya Turanci ko ta san zaman otal, ya sayi rigimar da za ta fi kwana biyun daɗewa. Kamfani ba shi da ta cewa a nan, illa ya ba da sanarwa da wuri domin a sami lokacin shawara, da lokacin miƙa yara wajen kaka ko ƙanwa.

Sai kunya, wadda take da nauyi a wannan zama. Sau da yawa mace ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam ko Alhaji ko Baban wane, kuma ba ta saba cin abinci tare da shi a gaban mutane ba, balle a gaban shugabansa. Akwai kuma magidantan da ba sa son abokan aikinsu su ga iyalinsu ko kaɗan. Wannan ra'ayi ne da ya kamata a girmama, kada a mayar da shi abin tsokana a ofis, kada kuma manaja ya riƙe shi a zuci ranar da ake maganar ƙarin girma. Masu shiri da suka san jama'arsu kan ware wa mata wurin zama da wurin salla, su bar wanda ke son cin abinci a ɗakinsa ya ci. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne muƙami yana bin mata har teburin abinci. Matar direba tana zaune kusa da matar manaja, kowacce ta san matsayin mijinta, sutura da gwal kuma suna magana kafin baki ya buɗe. Anko mai tsada ko kyautar da ake raba wa matan manya kaɗai na ƙara wa abin zafi. Idan kuwa matar ce ma'aikaciyar, kamar yadda ake samu a banki da asibiti da jami'a, mijin ne ke zama baƙo, kuma maza kaɗan ne ke jure a gabatar da su da sunan mijin Hajiya wance. Wasu kan raka ta ne a matsayin muharrami, su yi zamansu a gefe. Gwauraye da zawarawa da abokan aiki Kirista masu son zuwa coci ranar Lahadi su ma suna cikin taron, jadawalin da ya manta da su ya gaza.

Maganar kuɗi ita ce ya fi kyau a rubuta ta ƙarara. A taron da ba iyali, ƙananan ma'aikata kan raba ɗaki biyu-biyu. Da zarar mata sun shigo, kowa sai da ɗakinsa, kuɗin masauki ya kusan ninkawa. Wani kamfanin yakan ɗauki nauyin duka, wani ya biya na ma'aikaci ya bar masa cikon, wani ya ba da alawus na kwana kowa ya ji da kansa. Duk ukun suna tafiya in an san su tun daga gida. Wanda ke jawo jin kunya shi ne a isa wajen karɓar baƙi sannan a ji cewa abincin madam ba ya cikin lissafi. A ma'aikatun gwamnati abin ya fi tsauri, domin alawus na tafiya na ma'aikaci ne a kan aikin hukuma, kuma cusa kuɗin iyali a cikin rasit da wani suna abu ne da odita ke tuhuma.

Lokaci ma haka. Idan zama ya fara da ƙarfe tara, aka tashi azahar, aka koma har magariba, aka ƙara da liyafar dare mai jawabai, to matar ta bar gidanta ne ta zo ta zauna da talabijin a ɗakin otal. Taron da aka tsara da iyali a zuci yakan rufe aiki da la'asar ranar Asabar, ya bar yammacin da safiyar Lahadi ga ma'aurata, su taka zuwa bakin ruwa, su hau dutse, su sayi kifi. Su kuma ma'auratan akwai abin da ke kansu: sirrin ofis da ake tattaunawa a zaure, na albashi ko na wanda za a sauya wa wurin aiki, ba labarin da za a kai wa matan abokan aiki ba ne.

A jihar Kano, inda aka ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kuma kafa hukumar Hisba da doka a 2003, otal na iya neman shaidar aure kafin ya ba mace da namiji ɗaki ɗaya, alhali aure da yawa a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura shi ba takarda. Jerin sunayen ma'aikata da na iyalansu da kamfani ya aika wa masauki tun farko yakan kawar da wannan tambaya.

Ruwan Tiga yana da kyau ga ido, amma tafki da magudanan noman rani matattarar dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ne, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga yayin wanka ko wasa a ruwa. Sauro ma yana da yawa a bakin ruwa, don haka gidan sauro ko maganinsa na cikin kayan tafiya, musamman ga mai ciki da mai goyo. Shiga kwalekwale kuwa sai da rigar kariya, kuma ba a cika shi fiye da kima. Hatsarin jirgin ruwa na Bagwai a tafkin Watari, a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci rayuka da dama, galibinsu ɗaliban Islamiyya, ya faru ne a ruwan dam irin wannan.

Rashin masauki mai tabbataccen lantarki da ruwa da zauren taro shi ke sa kamfanonin Kano da yawa wucewa Kaduna ko Abuja, ko Yankari ta jihar Bauchi mai ruwan ɗumi na Wikki, kuɗin kuma ya bi su can. Wanda ya nufi kudancin Kano sai ya tura wakili ya ga ɗakunan da idonsa, ya gwada sabis na waya, ya tambayi janareta ko sola, kafin a biya kafin alƙalami. Inda taro ya sauka, mutanen yankin suna samun ciniki: masuntan Tiga da karfasa da tarwaɗa, masu kaji da zabi da ƙwai na ƙauyukan Rano da Kibiya, masu kayan lambu, 'yan acaɓa da direbobin haya. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ne lokacin ya fi dacewa, tafki a cike, an yi girbi, kaya sun yi araha, ko da yake hazo da sanyin Disamba da Janairu kan sa a nemi bargo da rigar sanyi. Zafin Maris zuwa Mayu yana wahalar da zaman zaure in ba na'urar sanyaya ɗaki, da damina kuma ruwan sama kan ɓata hanyoyin ƙauye ya tsare mutane a ɗaka.