Wa Ke Leƙa Ɗan Riƙo?

A Kafanchan, da ka ta da maganar dokar kare yara, sai wani ya ce: "Ni nake ci da shi, ni nake biyan kuɗin makarantarsa, sannan hukuma ta hana ni hora shi?" Akasarin masu faɗin haka mutanen kirki ne. Irinsu ne suka buɗe ƙofa ga marayun Godogodo bayan hare-haren 2016, da na ƙasar Zangon Kataf daga baya, ba su nemi ko sisi a wurin kowa ba. Ina ganin girmansu ƙwarai, amma a nan ban bi bayansu ba.

Ai ba a taɓa sakar wa mai riƙo mara gaba ɗaya ba. Sashe na 55 na tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya yarda uba ko mai riƙo ya yi horo, da sharaɗin kada ya kai ga mummunan rauni. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce riƙon da hukuma ta sani kotu ce ke ba da shi, jami'ai su riƙa kai ziyara, kotun kuma tana iya soke shi. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018.

Wannan ziyara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A da, goggo kan shigo gari ranar kasuwa, ta ja yarinya gefe ta tambaye ta. In kawu ya ji ƙishin-ƙishin, zuwa yake yi ya ɗauke ɗansu. Yau ƙauyen an ƙone shi, goggo ita ma tana raɓe a gidan wani. Sai ka ga yarinya 'yar shekara tara tana riga 'ya'yan gida tashi, ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ranar da ta fasa faranti a zane ta da wayar wuta. Washegari ta tafi makaranta da riga mai dogon hannu cikin zafin Maris. Ɗan gida in ya kwarma ihu uwarsa na jin sa. Ita haɗiye kukanta take yi, don kada a ce ta butulce.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, har da yara, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su, da niyyar tarbiyya. Niyyar ba ta kare su ba, domin babu mai shiga ya duba.

Saboda haka malamar da ta ga shatin bulala ta sanar da mai unguwa, ko fasto, ko liman, ko ofishin walwalar jama'a, ba shisshigi ta yi ba. In abin ya kai ga lalata da yarinya, akwai cibiyar Salama a asibitin Patrick Yakowa, nan cikin Kafanchan.