Gyambon da ba ya zafi: yadda muka yi wata huɗu muna maganin jifa a Briqueterie

Ɗan yayata mai shekara 14 ya yi hutu a Akonolinga, gabas da Yaounde, wurin kawunsa mai sayar da kifi, kullum yana bakin kogin Nyong. Bayan ya dawo Briqueterie da 'yan watanni sai wani ƙullutu ya fito masa a ƙwauri, da tauri kamar goro. Ba zafi, ba zazzaɓi, ko kaluluwa bai yi ba. Yaro na buga ƙwallonsa, wa zai yi zancen asibiti?

Da ya fashe muka ce maruru ne. Wanzami ya tsaga, aka barbaɗa gari, gyambo sai faɗi yake. Maƙwabta suka ce jifa ne, kuma gaskiya ni ma na yarda. Mutanen Nyong ɗin ma, da suke kiran cutar "atom", da yawansu sihiri suke ɗaukarta.

Wata nas 'yar unguwarmu ce ta leƙo dubiya. Ta zura auduga ƙarƙashin bakin gyambon, sai ga shi ya yi kogo ta ciki. Ta dubi yayata ta ce, "Hajiya, yaron nan ya je bakin ruwa?"

Daga asibiti aka aika abin da aka lakato Centre Pasteur na nan Yaounde, gwajin PCR ya nuna gyambon Buruli ne. Ƙwayar da ke kawo shi, Mycobacterium ulcerans, dangin ta tarin fuka da kuturta ce, tana kuma fitar da dafin da ke cin nama ya kashe jin zafi. Abin da ya yaudare mu ke nan.

Maganin ƙwayoyi biyu ne, rifampicin da clarithromycin, kullum har mako 8. A da allurar streptomycin ake haɗawa, wadda kan taɓa ji. Ranar farko fitsarinsa ya yi ja, uwarsa ta ɗora hannu a ka, likita ya ce aikin rifampicin ne.

Likitan ya ce da tun yana ƙullutu muka zo, da wuya a kai ga tiyata. Mu sai da aka yi masa dashen fata daga cinya, ya rasa zango guda na makaranta. Har yanzu idon sawun ba ya lanƙwasuwa sosai, a kan kujera yake zaman tahiya.