Zaɓen Maganin Mura, Tari da Sarƙewar Numfashi

Cututtukan hanyoyin numfashi, tun daga mura da ciwon maƙogwaro har zuwa namoniya da asma, sukan rikita majinyaci domin kusan dukkansu da tari suke zuwa, alhali tushensu daban-daban ne, kuma a kan tushen ake zaɓen magani. Yawancin murar da ke yaɗuwa da hunturu bairos ne ke kawo ta, wato wata ƙwayar cuta da ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jikin mai rai, su kuwa magungunan da ake kira antibayotik, irin su amoksisilin da Ampiclox da Septrin, bakteriya suke kashewa, ba bairos ba. Wanda ya sayi kafso huɗu a kemis ya sha, ya ji sauƙi bayan mako guda, murar ce ta cinye kwanakinta; abin da kafson ya bar masa shi ne bakteriyar da ta fara sabawa da magani, wadda za ta iya gagarar likita ranar da ake buƙatar maganin da gaske. Mai mura farasitamol ya ishe shi, da ruwan ɗumi da hutu da cokalin zuma, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ba a kuma ba yara asfirin.

Namoniya, wadda ake kira sanyin haƙarƙari, ita ce inda antibayotik ke ceton rai, domin ƙananan jakunkunan iska na huhu ne ke cika da ruwa ko mugunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ma'aunin da ko a ƙauye ana iya aiki da shi: a ɗaga rigar yaro yana cikin natsuwa, a ƙirga tashin ƙirjinsa na cikakken minti ɗaya. Numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta cutar, haka ma loɓawar ƙasan ƙirji idan ya ja iska, kuma amoksisilin mai narkewa a ruwa shi ne zaɓin farko. Yaron da ya kasa kama nono, ko yake jijjiga, ko ya galabaita ya kasa farkawa, asibiti ya kamace shi nan take, inda akwai allura da iskar oksijin.

Asma kuwa kumburi ne da tsukewar bututun iska, kuma maganinta biyu ne: salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana buɗe hanya cikin mintoci, shi kuma beklometason ana shaƙarsa kullum domin kwantar da kumburin. Abin takaici ne yadda mutane ke gudun abin shaƙa bisa zaton wanda ya fara ba ya dainawa, su koma ga ƙwayar salbutamol, wadda ta fi jinkirin aiki ta kuma fi sa karkarwar hannu da bugun zuciya.

Maganin tari na ruwa amfaninsa kaɗan ne, haɗarinsa kuma sananne ne: Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da mai ɗauke da kodin a 2018, kuma a 2022 an alaƙanta mutuwar yara kusan 70 a Gambiya da gurɓatattun kwalaben maganin tari. Tarin da ya wuce mako 2, musamman mai haɗe da rama da gumin dare, gwajin majina yake buƙata, domin idan tarin fuka ne maganinsa na wata 6 ne, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati.