NEMAN DIGIRI A DOGON HUTU: YADDA MUTANEN BULABULIN KE KARATU TA WAYAR HANNU

A kowace shekara idan watan Yuli ya kusa ƙarewa, makarantun firamare da na sakandare na birnin Maiduguri sukan sallami yara su tafi dogon hutu. Yara dai murna suke yi, domin sun huta da sammako har watan Satumba. Amma ga wasu daga cikin malamansu, da ƙananan ma'aikatan ofis, da matan aure waɗanda suka katse karatu, wannan shi ne lokacin da nasu karatun yake kankama. A da, mai neman ƙaro ilmi a irin wannan lokaci sai ya ɗaura kaya ya nufi Zariya ko wani gari mai jami'a. Yanzu kuwa da yawa suna zaune a ɗakunansu, darasi yana iske su ta wayar hannu.

Unguwar Bulabulin tana ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi cika da jama'a a tsakiyar Maiduguri. Ma'anar sunan a harshen Barebari ita ce sabon gari, wato dai kamar Sabon da 'yan Arewa ke zaune a Badun ko Shagamu. Mazaunanta akwai 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu, da malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati masu ƙaramin albashi. Irin waɗannan mutane ba su da halin barin aiki da iyali shekara huɗu su koma zaman aji, kuma su ne wannan hanya ta karatu daga nesa ta fi yi wa rana.

TSOHUWAR HANYA CE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa abin sabo ne. Tun zamanin Turawa 'yan Nijeriya suke karatu ta gidan waya. Mutum zai aika da kuɗi Ingila, makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College su aiko masa da darussa cikin ambulan, ya amsa tambayoyi ya mayar, ya zauna jiran sakamako makonni. Ta irin wannan hanya Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya sami digirin Jami'ar Landan a 1928 ba tare da ya je ya zauna a can ba.

Da Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan. A wannan shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin horar da malamai suna bakin aikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma ta shahara da kwasa-kwasan dogon hutu, inda malamai daga ko'ina a Arewa sukan cika ɗakunan kwanan ɗalibai da damina, su yi makonni ana yi musu karatu safe da yamma, su koma gida kafin a buɗe makarantu, baɗi kuma su dawo.

A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida ta ƙasa. Ba ta daɗe ba gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984. Haka ta zauna a rufe har Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ita ce ake kira NOUN, hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiyoyi a jihohin ƙasar nan, har da Maiduguri. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, ya shiga jami'ar a matsayin ɗalibi har ya kai ga digiri na uku. Gemu dai ba ya hana ilmi.

Ita kuwa Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wadda aka kafa a 1975, tana cikin jami'o'in da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince su koyar da ɗalibai daga nesa, kuma tana da cibiya ta musamman don haka. A watan Yulin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar sauya mata suna zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari.

ABIN DA KE TURA MUTANE

Dalili na farko shi ne aiki. Takardar malanta ta Gireti Tu, wadda a da mai ita yake taƙama a ƙauye da birni, ta daina aiki, domin yanzu takardar NCE ita ce mafi ƙanƙanta da aka yarda mutum ya shiga aji da ita. A aikin gwamnati mai NCE yakan fara ne daga mataki na 7, mai digiri kuwa daga mataki na 8, kuma mai digirin shi ne hanyar hawa sama ta fi buɗe masa. Malamin da ya shekara goma sha biyar yana koyarwa yakan wayi gari ya ga yaron da ya koya wa baƙi da wasali ya dawo da digiri an ɗora shi a kansa.

A 2022 wani kwamiti da Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa ya miƙa rahoton jarrabawar da aka yi wa malaman firamare na Jihar Barno su fiye da 17,000. Rahoton ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka cancanci koyarwa, wasu dubbai suna bukatar ƙarin horo, wasu kuma ba su dace da aikin ba sam. Wannan labari ya girgiza malamai, domin kowa ya gane cewa wanda ya zauna da tsohuwar takardarsa yana iya rasa abincinsa.

Dalili na biyu shi ne lokaci. Yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Ɗalibin da ya shiga don shekara huɗu sai ya tarar ya yi shida. Mai iyali ba zai iya wannan jira ba.

Na uku kuwa shi ne halin da Barno ta shiga tun 2009. Jami'ar Maiduguri ta yi ta maza ta ci gaba da karatu a shekarun tashin hankali, duk da cewa a watan Janairun 2017 an kai harin bam a wani masallaci da ke cikinta, inda Farfesa Aliyu Mani ya rasu. Amma mutane da yawa sun yi gudun hijira, wasu sun faɗo Kudu neman abinci, karatunsu ya tsaya a aji biyu ko aji uku. Ga irin waɗannan, karatu daga nesa wata dama ce ta ɗinke abin da ya yage.

YADDA KARATUN KE TAFIYA

 Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Mai NCE ko difloma a fannin da ya dace yakan fara daga aji biyu. Da zarar an ɗauki mutum, za a ba shi lamba da kalmar sirri ya riƙa shiga shafin jami'a a intanet. A nan zai biya kuɗin makaranta, ya yi rajistar darussa, ya sauke littattafai a wayarsa. Malami yakan yi lacca ta bidiyo a lokacin da aka sanar, ɗalibai kuma sukan haɗa kansu rukuni-rukuni a WhatsApp suna tambayar juna abin da ya shige musu duhu.

A NOUN aikin gida da ake yi ta intanet yana ɗaukar maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango kuma maki 70. Ita wannan jarrabawa galibi ba a ɗaki ake yin ta ba. Ɗalibi yakan je cibiya da ƙafarsa, ya nuna katin shaida, ya zauna gaban kwamfuta ko takarda ana sa masa ido. Saboda haka wanda ya yi wasa da karatu yana zaton abin sha-yanzu-magani-yanzu ne, ranar jarrabawa asirinsa ke tonuwa.

A nan ne amfanin dogon hutu yake. Malamin da ke fama da aji mai yara tamanin ko ɗari ba ya samun sukunin buɗe littafi sai dare ya yi. Makonni shida ko bakwai na hutu su ne damarsa ta cin littattafan zango, ya gama ayyukan gida, ya kuma maimaita darasin da ya faɗi a baya. Matar aure ma takan sami sauƙi, tun da babu shirya yara makaranta da sassafe, manyan kuma suna gida suna kama mata aiki.

WUTA, WAYA DA RUWA

Sai dai fa karatu ta waya sai da wuta da layi mai kyau, su kuwa waɗannan biyu mutanen Maiduguri sun ga tasku a kansu. A watan Mayun 2013, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Barno na tsawon watanni. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake fasawa, birnin ya kwashe mafi yawan wannan shekara cikin duhu. Masu shagunan cajin waya da janareto su ne suka zama abokan tafiyar ɗalibai. A watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da gas ta megawat 50 a birnin, mutane da dama kuma suka koma amfani da sola.

Bayan wannan sai ga ruwa. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale babban sashe na birnin, abin da ba a ga irinsa ba tun 1994. Ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehun Barno, da asibitin koyarwa na jami'a. Bulabulin da Gwange suna cikin unguwannin da abin ya fi shafa. Mutane sun fita cikin dare da kayan jikinsu kawai, littattafai da takardun shaidar makaranta suka jiƙe ko ruwa ya tafi da su. Ɗalibin da rajistarsa da makinsa ke ajiye a shafin jami'a, ko da wayarsa ta nutse, da ya ari wata ya shiga zai tarar da komai yana nan. Darasin da aka koya shi ne kowa ya ɗauki hoton takardunsa ya adana a intanet tun kafin ɓacin rana.

Ga kuma tsadar data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Lacca ta bidiyo tana shan data kamar rairayi da ruwa, don haka ɗalibai da yawa sukan gwammace su sauke littafi su karanta, su bar bidiyo sai ta kama dole.

GA MAZAUNA KURMI

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. A Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Sabon Badun, da Fatakwal, akwai samari masu takardar sakandare ko difloma suna gadi, ko tuƙin Keke, ko ciniki a kasuwa. Ba sai mutum ya koma gida ba kafin ya ci gaba da karatu. NOUN tana da cibiyoyi a waɗannan birane, Jami'ar Ikko da ta Badun suna da nasu sashen karatu daga nesa, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello. Har fursunoni a gidan yarin Kirikiri sun yi digiri ta hannun NOUN.

Amma a yi hattara da 'yan damfara. A watan Disambar 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can abin ya shafe su. Mutumin Ikko kuwa ya san kusancin Kwatano, ya san kuma yadda dillalai ke yawo da irin wannan tayi.

Saboda haka kafin mutum ya fitar da ko kwabo, ya kamata ya tabbatar da abubuwa huɗu. Ya duba ko sunan jami'ar yana cikin jerin da NUC ta amince su koyar daga nesa, kuma fannin da yake so yana ciki. Ya tambayi garin da za a yi jarrabawa, domin kuɗin mota daga Ikko zuwa Maiduguri sau biyu a shekara ba ƙaramin abu ba ne. Ya nemi bayani a kan bautar ƙasa, tun da galibi masu irin wannan karatu takardar ɗauke nauyi ake ba su. Sa'an nan ya biya kuɗi ta hanyar da jami'a ta tsara, kada ya damƙa wa wani a hannu. Duk wanda ya yi alkawarin digiri babu jarrabawa, takardar banza zai sayar, kuma ranar da aka tantance ma'aikata mai ita ne zai kwana a ciki.

Wanda yake da niyyar farawa, ya fara da haɗa takardunsa na sakandare, ya ga ko kiredit ɗinsa sun cika. In da saura, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu da ake yi kowace shekara, kuma ana rubuta ta a Kudu kamar yadda ake yi a Maiduguri.