Kuɗin Masu Alheri da Bin Sawun Ayyukan Hukuma: Jan Hankali ga Mutanen Tambuwal da Kebbe

Rubuta wa masu mulki nasiha a kan riƙon amanar talakawa tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan, domin kuwa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano bisa roƙon jama'arta, Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne masu wannan hidima sun zama ƙungiyoyi masu ofis da albashi, kuma galibin kuɗin da ke riƙe da su daga gidauniyoyin attajiran ƙetare yake fitowa, irin su MacArthur ta Amurka, wadda ta buɗe ofishinta a Nijeriya a 1994.

Fa'idar al'amarin ba ta ɓuya ba. Bayan gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara tun daga 2010, waɗansu samari da suka kafa shirin Follow the Money a 2012 sun yi ta bin sawun kuɗin da aka alkawarta don tsabtace garin Bagega, ba su gushe ba har gwamnatin tarayya ta sake su a farkon 2013. Haka nan ƙungiyar BudgIT, da shirinta na Tracka wanda ta soma a 2014, takan tsamo ayyukan mazaɓu daga cikin kundin kasafi, ta bayyana wa mutanen gari abin da aka rubuta da sunansu. Naira biliyan 100 aka saba warewa kowace shekara don irin waɗannan ayyuka a faɗin ƙasa, kuma mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda wakilinta Aminu Waziri Tambuwal ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, tana da rabonta kamar kowace. Saboda haka mutumin Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, idan ya ga allon kwangila a tsaye, fentinsa ya koɗe, alhali rijiyar burtsatsen da aka ambata a jikinsa ba ta taɓa ɗigar da ruwa ba, yana da haƙƙin ya rubuta wa ma'aikatar tarayya da ta ba da aikin, ita kuwa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta mata amsa cikin kwana 7.

Amma fa a yi hattara. An sha ganin taron da mutane ke cika zaure, a zagaya da takardar sa hannu, a raba lemo da ambulan ɗin kuɗin mota, a watse ba wanda ya tambayi nawa aka ware wa asibitin garinsu. Wanda ya je don ambulan kuwa, haƙiƙa ya sayar da ranarsa da arha. Mafi muni su ne mayaudara masu yawo da fom da sunan wata gidauniya, suna karɓar kuɗin rajista, suna neman lambar BVN da lambar sirrin katin banki. Gidauniyar gaskiya ba ta sayar da fom. Wajibi ne a tambayi duk baƙon da ya zo: wa ya aiko ka, wa ke biyanka, kuma hakimi ya san da zuwanka?

Sa'an nan kuɗin wani ba ya dawwama, sai yadda mai shi ya ga dama. Shirin MacArthur na yaƙi da rashawa a Nijeriya ya ƙare a 2024, hukumar USAID kuma, wadda ta daɗe tana tallafa wa harkar kasafi a Jihar Sakkwato, gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025. A nan ne nake ganin attajiranmu, waɗanda ba a raina ƙoƙarinsu wajen gina masallatai da ciyarwar azumi, ya kamata su waiwayo. Zakka dai tana da masarufanta takwas waɗanda Suratut Tauba ta iyakance, ba a ƙetare su. Amma waƙafi ƙofarsa a yalwace take ga kowace maslaha ta jama'a, kuma jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da za a nemi shawararta. Hayar shaguna biyu ko uku a kasuwar Tambuwal, in aka tsayar da ita saboda Allah, za ta taimaka wajen biyan matashin da zai riƙa karanta wa unguwanni kasafin ƙaramar hukuma da Hausa, musamman tun da Kotun Ƙoli ta hukunta a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.