Madatsar Goronyo: Abin da tsuntsaye ke faɗa game da ruwan da muke sha

A wasu ƙasashen da ke bakin teku, kamar Afirka ta Kudu, akwai sana'ar da ba a cika sanin ta ba a ƙasar Hausa. Mutane kan biya kuɗi su shiga jirgin ruwa tun da asuba, a nausa da su cikin teku har gaɓa ta ɓace musu, domin kawai su kalli tsuntsayen da ke bin jiragen masunta da manyan dabbobin ruwa masu shayar da nono. Masu jirage na ci da wannan sana'a, masu masauki na ci, 'yan jagora na ci, masana kuma na samun bayanai a kan halin da teku ke ciki.

Jihar Sakkwato ba ta da teku, amma tana da Madatsar Ruwa ta Goronyo. Duk shekara, idan hunturu ya kama, manyan ruwayen da ke bakin Sahara irin wannan kan karɓi baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya, har da dangin waɗanda ake bi cikin teku domin a gani. Sanin waɗannan baƙi ya wuce sha'awar ido, domin yawansu da ƙarancinsu ma'auni ne na lafiyar ruwan da birnin Sakkwato ke sha, wanda kuma manoman rani na Goronyo da Wurno suka dogara da shi.

Yadda madatsar take

An datse Gulbin Rima ne a kusa da garin Goronyo, arewa maso gabas da birnin Sakkwato. An kammala ginin a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992. Tsayin bangon mita 21 ne, tsawonsa ya kai kilomita 12.5, kuma an tsara madatsar ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita.

Ruwan da ke taruwa a nan daga nesa yake zuwa. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar, ya sake dawowa Najeriya, inda yake haɗuwa da ruwan Bunsuru da na Gagere. Da rani akan saki ruwa daga madatsar ya gangara ta fadamar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, ya wuce Sakkwato har zuwa Jihar Kebbi. A kudu kuma akwai Gulbin Sakkwato, wanda ya bi ta Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Waɗannan gulabe biyu da fadamunsu da tafkunan da ambaliya ke bari su ne shimfiɗar da tsuntsayen ruwa ke sauka a kanta a gabashin jihar.

'Yan gida da baƙi

Tsuntsayen da ake samu a irin wannan ruwa kashi uku ne. Na farko su ne 'yan gida, waɗanda kowane masunci ya san su da suna. Akwai balbela mai bin shanu, da zalɓe mai tsayuwa cik a bakin ruwa yana dakon kifi, da jinjimi, da kirinjijiya mai farar fuska wadda ke tashi garke-garke tana fito, da dinya wadda ta fi duk agwagin dajin Afirka girma. A kan gaci kuwa zakaran ƙeƙuwa ne mai gadi, da ya hango mutum sai ya cika wuri da kuka.

Kashi na biyu su ne masu ƙaura a cikin nahiyar Afirka. Fitacciya a cikinsu ita ce shamuwa, wadda manomi ke ɗaukar isowarta a matsayin albishirin damina. Takan yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, sannan idan ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa a lokacin.

Kashi na uku su ne baƙin hunturu. Suna fara isowa daga watan Satumba da Oktoba, su yawaita a Disamba zuwa Fabrairu, su juya a Maris da Afrilu. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane a saman ido, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, waɗanda wasunsu a arewacin Rasha ake ƙyanƙyashe su. Akwai wani shaho mai farin ciki wanda ba ya cin komai sai kifi: yakan yi shawagi a sama, ya naɗe fukafukai, ya faɗa ruwa da ƙafafu a gaba, ya fito da kifi a faratansa. Sai kuma dangin tsuntsayen teku, farare da masu ruwan toka, masu siraran fukafukai, waɗanda ke yawo a saman ruwa kamar tsattsewa suna tsintar ƙwari da ƙananan kifaye, suna kuma bin jiragen masunta idan ana jan raga.

Abin da ke kawo su

Idan sanyi ya sauka a arewacin duniya, tafkuna kan daskare, ƙwari su ɓace. Tsuntsun da abincinsa ke cikin ruwa ba shi da zaɓi sai tafiya. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kusan biliyan biyu ne ke ƙetarowa daga Turai zuwa kudu da Sahara a kowace shekara. Bayan sun haye Bahar Rum, sai su fuskanci hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500. Ruwan farko da suke tararwa bayan wannan wahala shi ne na yankin Sahel: Kogin Senegal, da fadamar Kogin Kwara a Mali, da fadamun Sakkwato da Rima, da dausayin Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashin Afirka a soke a wuyansa, ya yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. Har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya aka shiga sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, yanzu kuma har da 'yar na'ura mai aika bayani ta tauraron ɗan'adam. Saboda haka masuncin da ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ba abin tsoro ya gani ba. Lambar da ke jiki tana nuna ƙasar da aka ɗaura shi, kuma masana na murna da duk wanda ya sanar da su.

Alaƙar nan ta fito fili a 1969, lokacin da masu lura da tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi, wato farkon farin da ya kai ga yunwar shekarun 1970. Tsuntsaye sun ba da labari tun kafin duniya ta farga.

Dalilin shiga jirgi

Daga kan bangon madatsa ana iya hango garken tsuntsaye, amma yawancinsu sun fi son inda ruwa bai da zurfi: bakin da gulbi ke shigowa, da tsibiran yashi da ke fitowa idan ruwa ya ja baya, da cikin ciyayi. Ƙafa ba ta kai wa nan, mota ma haka. Ga shi kuma tsuntsu ya saba da kwalekwalen masunci, yakan bari ya matso fiye da yadda zai bar mai tafiya a ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, kafin iskar hunturu ta tayar da igiyar ruwa. Kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu ya fi mai inji, idan kuma mai inji ne, a kashe shi tun daga nesa. A sanya tufafi marasa ƙyalli, a rage magana, a riƙi madubin hangen nesa da littafin rubutu. Babbar ƙa'ida ita ce kada a tayar da garke don a ɗauki hoto. Tsuntsun da ke shirin ƙetare hamada kitse yake tarawa, kuma duk tashin da aka sa ya yi a banza ragi ne daga guzurinsa.

Mai ido zai ga wasu halittun ban da tsuntsaye, kamar guza tana shan hantsi a gaɓa, ko kififiya ta leƙo da kai. Zai kuma ga abin da masunta suka kamo na karfasa da tarwaɗa da kurungu. Mai neman dorina kuwa sai ya nufi Kogin Kwara a ƙasar Yawuri, ko Madatsar Dadin Kowa a Jihar Gombe.

Ma'aunin lafiyar ruwa

Tsuntsu mai cin kifi yana zama ne inda kifi yake. Idan aka wayi gari zalɓe da shahon ruwa sun ƙaurace wa wani sashe, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila an yawaita amfani da raga mai ƙananan idanu wadda ke kwashe har 'ya'yan kifi, ko an zuba guba, ko maganin feshi ya gangaro daga gonaki, ko yashi da laka sun cike wurin.

Goronyo ta ga iyakar abin ta fuska biyu. A daminar 2010 ruwa ya yi yawa har ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da aka gina ta ta riƙe, lamarin da ya tayar da hankalin hukumomi game da ruwan sha na Sakkwato da noman rani. Ɗan kasuwar da ke sarin albasa da tafarnuwa da shinkafa daga wannan yanki, da ma'aikacin da ke jiran famfo ya kawo ruwa, duk abin ya shafe su. Ƙidayar tsuntsaye a wuri ɗaya, a wata ɗaya, shekara bayan shekara, hanya ce mai arha ta gane sauyi tun yana ƙarami. Haka ake yi a ƙasashe fiye da 100 a kowane watan Janairu, a ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara tun 1967.

Lura da tsuntsaye na da amfani ga lafiyar kaji ma. A Najeriya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a nahiyar Afirka, a Jihar Kaduna, cikin Fabrairun 2006. Duk wanda ya ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada ya taɓa, kada ya ci, ya sanar da jami'an lafiyar dabbobi.

Manomi kuma yana da nasa kuka. Jan baki, wanda ke sauka dubbai a gonar shinkafa da alkama, annoba ce ta gaske, kuma wasu agwagin daji ma kan taɓa shuka. Sai dai yawancin tsuntsayen ruwa kifi da ƙwari da kwaɗi da fara suke ci. Sanin bambancin shi ke hana a yi musu kuɗin goro da guba ko tarko. Gauraka ta ishe mu darasi: tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa, wadda a da ake gani a fadamun Arewa, yau da wuya a same ta a dajin Najeriya saboda kamu da lalacewar dausayi.

Abin da ake buƙata kafin ta zama sana'a

Akwai misalai a kusa. A gandun Djoudj na ƙasar Senegal, wanda aka kafa a 1971, da jirgin ruwa ake kai baƙi su ga dubban kwasakwasa a inda suke sheƙa, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye na samun abin yi. A gida Najeriya akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona a Jihar Yobe, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. A Jos kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke haɗe da Jami'ar Jos, inda ake horar da matasa wannan ilimi.

Kafin Goronyo ta bi sahu, sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko tsaro. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga, kuma ba a manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, wanda ya ci rayuka fiye da 40. Babu wanda ya kamata ya kama hanya ba tare da ya tuntuɓi mutanen gari da jami'an tsaro da hukumar madatsar ba.

Na biyu lafiyar jirgi. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Rigar kariya ga kowane fasinja, da daina lodi fiye da kima, da barin tafiyar dare, dokoki ne da za su ceci 'yan kasuwa da mata da yara da ke hawa jirgi kowane mako, tun kafin a zo ga maganar baƙi.

Na uku ilimi, kuma rabinsa yana nan a hannu. Masunta da sarakunan ruwa sun san inda kowane tsuntsu ke kwana, da watan da yake zuwa, da sunansa na Hausa, har da sunayen da ba su shiga ƙamus ba. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma suna da hanyar ƙidaya da adana bayani. Idan aka haɗa su a kwalekwale ɗaya a kowane watan Janairu, cikin 'yan shekaru jihar za ta mallaki rijistar da za ta nuna ko ruwan Goronyo gaba yake yi ko baya, masunci kuma ya sami ladan jagora a kan abin da raga ta kawo masa.