Malamin Rabon Gado da Alƙalumansa

A ƙasar Jega, Aliero da Maiyama, idan an share makoki, wanda ake nema shi ne malamin da ya iya fara'ili. Ba kowane malami ne ke taɓa wannan fanni ba. Da yawa sun sauke babin gado a Risala da Muhtasar, amma in aka baje dukiya a gabansu sai su tura ka wajen wani.

Aikinsa na fari ba lissafi ba ne. Sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Sannan a kira masana su yi wa gonar albasa, gida, shanu da rumfar kasuwa kuɗi. Daga nan ne yake ɗaukar alƙalami.

A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa, uba da 'ya'ya mata shida. Mata na da tumuni, iyaye kowa sudusi, 'ya'yan sulusi biyu. Malam zai nemi adadi mafi ƙanƙanta da duk waɗannan za su fita a cikinsa ba karaya, wato 24. Mata 3, iyaye 4 da 4, 'ya'ya 16. Jimla ta kai 27, ta zarce asali. Nan ake yin auli: a raba dukiyar kashi 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Saura matsala guda, 16 ba ta rabuwa ga mutum shida. Sai ya duba tsakanin 16 da 6, ya ga biyu na raba kowannensu, abin da ake kira tawafuƙi. Don haka da rabin 6, wato 3, zai ninka 27 ɗin, ba da 6 ba. Kashi ya zama 81: mata 9, uwa 12, uba 12, kowace 'ya 8.

Wannan duba dangantakar adadi da adadi, wanne ke shiga cikin wanne, me ke saura bayan rabo, shi ne ƙofar fannin da Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss ya tsara. An haife shi a Braunschweig a 1777, a gidan talakawa, kuma yana da shekara 24 ya fitar da littafinsa Disquisitiones Arithmeticae a 1801, wanda ya buɗe da maganar ragowar rabo. Ya rasu a Göttingen a 1855. Shi hujja yake nema wadda za ta tsaya a kan kowane adadi. Malaminmu kuwa marayu ne zaune a gabansa, kuma kuskuren kashi ɗaya haƙƙin wani ne.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin masu koyo. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ɗalibanta na karanta wannan lissafi da Turanci, ga malaman zaure suna aiki da shi da Larabci da Hausa. Ina fatan sashen lissafi ya riƙa tura ɗalibai su zauna gaban waɗannan dattawa, su warware mas'alolin gado tare.